Sandar Ƙwaro da Dokar Ƙafa Takwas: Tarihin Fatsar Kifin Bas a Amurka

A cikin shekarun 1770 wani masanin tsirrai ɗan Filadelfiya mai suna William Bartram ya yi ta ratsa dazuzzuka da fadamun kudancin Amurka, yana rubuta abin da idonsa ya gane masa. A Fulorida, a yankin kogin St. Johns, ya ga ana kamun kifi da wata dabara da ta ɗauki hankalinsa. Mutum biyu ne a kwalekwale, ɗaya a baya yana tuƙi sannu a hankali, ɗaya a gaba riƙe da sanda mai tsawon ƙafa goma ko sha biyu. A bakin sandar an ɗaura guntun zare, kimanin kamu ɗaya, a ƙarshensa kuwa ƙugiya uku ne aka haɗa baya da baya, aka lulluɓe su da farin gashin wutsiyar barewa da tsumman jan ƙyalle da gashin tsuntsu. Mai sandar sai ya riƙa lilo da abin a bisa ruwa, dab da ganyen bado, can ba a rasa ba ya bari ya ɗan taɓa ruwan. Kafin ka ankara kifi ya yunƙuro daga ƙarƙashin ganyen ya cafke. Bartram ya buga labarin tafiyarsa a 1791, kuma kifin da ya bayyana shi ne wanda ake kira bas mai faɗin baki, wanda a yau babu kifin ruwan daɗi da Amurkawa suka fi kashe wa kuɗi kamarsa.

Ke nan tun kafin a ƙera injin kwalekwale, tun kafin a san roba, da gashi da tsumma ake yaudarar wannan kifi. Na fara da wannan ne don mai karatu ya san wace dabara ce ta riga wata, domin idan aka dubi gasannin da ake nunawa a talabijin yanzu, sai a zaci ba a taɓa kama bas da gashin barewa ba.

Shi kifin bas iri-iri ne, amma biyu suka fi suna. Mai faɗin baki yana son ruwa mai ɗumi da ba ya gudu, inda akwai ciyayi da kututturan itatuwa da zai laɓe. Mai ƙaramin baki ya fi son kogi mai duwatsu da ruwa garau. Dukkansu mafarauta ne masu haɗama: ƙananan kifaye, kwaɗi, fara, har ɓeran da tsautsayi ya jefa a ruwa, ba su bari. Mafi girman da aka yarda da shi a littafin bajinta shi ne wanda wani saurayi manomi, George Perry, ya kama a tafkin Montgomery na jihar Jojiya ranar 2 ga Yunin 1932, mai nauyin laba 22 da oza 4, wato ɗan sama da kilo 10. Aka auna shi, aka kai gida aka cinye, don lokacin ana cikin tsananin matsin tattalin arziki. Sai a 2009 wani ɗan Japan, Manabu Kurita, ya kama wanda ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa.

Kafin a ci gaba, dole a bambance hanyoyin fatsa guda biyu, domin duk rigimar a kansu take. A hanya ta farko, abin yaudarar kifin shi ke da nauyi, ko na katako ne ko na ƙarfe ko na roba. Mai fatsa ya wurga shi, nauyinsa ya janyo siririn zare daga na'urar naɗewa, sannan a juya hannun na'urar a dawo da shi. A hanya ta biyu, wadda ta zo daga Ingila da Sikotland, abin yaudarar ƙwaro ne na ƙarya da aka ɗaura da gashi da zare a jikin ƙugiya, ba shi da nauyin da za a iya jifa da shi. Don haka zaren ne ake yi wa nauyi. Ƙafa talatin na farko na zare mai lamba takwas, irin wanda aka fi amfani da shi wajen bas, nauyinsu ya kusa giram 14. Mai fatsa yana kaɗa sanda mai laushi gaba da baya, zaren ya miƙe a iska bayansa, ya dawo ya miƙe gabansa, ya ajiye ƙwaron bisa ruwa a hankali. Wannan aiki yana son doguwar sanda, yawanci ƙafa tara, yana kuma son fili a bayan mutum. A riƙe waɗannan abubuwa biyu, tsawo da fili, za su dawo.

Hanya ta farko ta sami gindin zama a jihar Kentaki a farkon ƙarni na 19. Wani mai gyaran agogo a garin Paris na jihar, George Snyder, ya ƙera na'urar naɗe zare mai haƙora wadda juyi ɗaya na hannu ke juya ta sau da yawa. Bayansa 'yan gidan Meek da B. C. Milam a Frankfort, su ma masu aikin agogo da azurfa, suka mayar da abin sana'a. Amma a lokacin da ƙananan kifaye masu rai ake ɗana ƙugiyar. Wanda ke son yaudarar bas da abin da hannu ya ƙirƙira, ƙwaron gashi ne abin dogaronsa.

A 1881 wani likita, James A. Henshall, ya fitar da littafi sukutum a kan kifin bas, kuma ana ganin shi ne ya ɗaga darajar kifin a idon masu ilimi. Kafin nan manyan mutanen gabashin Amurka kifin turawut na ƙoramu masu sanyi suke girmamawa, bas kuwa na talaka ne. Henshall ya hango cewa sare dazuzzuka da ƙazantar masana'antu za su ƙarar da turawut a wurare da yawa, bas mai juriya shi zai gaje shi. Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Jirgin ƙasa ya taimaka: tun a 1854 an ɗauko bas mai ƙaramin baki a bokiti cikin tankin ruwan kan jirgi aka kai shi yankin kogin Potomac, kuma da irin wannan ɗauki-ɗauki ya watsu har Kalifoniya. Shi Henshall yana fatsa da hanyoyin biyu, ya kuma ware babi don fatsar ƙwaro. A littafin da Mary Orvis Marbury ta wallafa a 1892 kan ƙwarin da masu fatsa suka fi so, akwai shafuka masu launi cike da ƙwarin bas, manya-manya, ja da rawaya da fari.

Farkon ƙarni na 20 shi ne lokacin da sandar ƙwaro ta fi tashe a ruwan bas. A Chattanooga ta jihar Tenesi, Ernest Peckinpaugh ya riƙa fafe ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi yana ɗaura shi a ƙugiya tare da gashi, ya sami ƙwaro mai yawo a saman ruwa wanda ke yin ƙara idan an fizge shi. A arewacin jihar New York, Orley Tuttle ya yi nasa da gashin barewa zalla. Gashin jikin barewar Amurka yana da rami a ciki, shi ya sa yake tashi bisa ruwa, kuma idan aka matse shi da zare sai ya buɗe ya yi tsaye, a aske shi da reza a fitar da siffar kwaɗo ko ɓera. Yadda ake fatsa da waɗannan ƙwari abin kallo ne. Da la'asar sakaliya, iska ta kwanta, mai fatsa ya ajiye ƙwaron a gefen kututture ya tsaya cik. Ba ya motsa komai har sai zoben da faɗuwar ƙwaron ta yi a ruwa sun baje sun ɓace. Sannan ya ja zaren da ɗan yatsa taki ɗaya, ƙwaron ya yi "ɓul", ya sake jira. Wani lokaci minti guda cur zai wuce a jifa ɗaya. Idan bas ya zo, ruwan ne ke tsagewa gaba ɗaya, kuma mutum yana ganin komai da idonsa. Duk wanda ya taɓa ganin wannan ya san dalilin da ya sa masu yinsa ba su iya barinsa.

A daidai wannan lokaci wani mai kiwon zuma a Dowagiac ta jihar Michigan, James Heddon, ya fara sassaƙa kifayen katako masu ƙugiyoyi, ya kafa kamfani. Daga nan masu jifa da nauyi suka sami abin yaudara nasu, ba sai sun nemi kifi mai rai ba. Duk da haka na'urar naɗe zare ta lokacin tana da wuyar koyo, zare kan cukurkuɗe wa wanda bai ƙware ba, saboda haka hanyoyin biyu suka ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa har Yaƙin Duniya na Biyu.

Bayan yaƙin ne komai ya juya cikin 'yan shekaru. Tun kafin yaƙin gwamnati ta fara gina manyan madatsun ruwa a kudu, musamman ƙarƙashin hukumar kwarin Tenesi da aka kafa a 1933, aka sami tafkuna masu faɗi da zurfi inda da can gonaki da daji ne. Bas ya cika su, amma yawancin lokaci yana can ƙasa, ƙafa ashirin ko talatin, inda ƙwaro mai yawo a sama ba ya kaiwa. Aka shigo da na'urar Mitchell daga Faransa wadda ba ta cukurkuɗewa, kamfanin Zebco na garin Tulsa ya fitar da tasa mai sauƙi a 1949 wadda yaro ma zai iya, zaren nailan ya maye gurbin siliki. A 1949 ɗin dai Nick Creme na Akron ya dafa tanar roba a ɗakin girkin gidansa, kuma babu abin da ya kama bas a tarihi kamar wannan tanar. Ƙarshen shekarun 1950 kuma gidan Lowrance ya kawo ƙaramar na'ura mai nuna zurfin ruwa da inda kifi yake. Sandar ƙwaro ta fara ja baya tun kafin a rubuta wata doka.

Wanda ya kawo gasa da dokokinta shi ne Ray Scott, mai sayar da inshora daga Montgomery ta jihar Alabama. A watan Maris na 1967 ruwan sama ya hana shi fita fatsa a Jackson ta jihar Misisipi, yana zaune a masauki tunanin shirya gasa ta gaskiya ya faɗo masa. A watan Yuni ya tara masu fatsa 106 a tafkin Beaver na jihar Akansas, kowa ya biya dala 100, Stan Honeycutt ya ci ya tafi da dala 2,000. Shekara ta zagayo ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. da mujallar Bassmaster. A 1971 aka yi babbar gasar zakaru ta farko a tafkin Mead, ba a gaya wa 'yan gasa 24 inda za su ba sai da jirgin sama ya tashi da su, Bobby Murray ya lashe dala 10,000.

Abin da ya fi damun Scott shi ne maguɗi. Gasannin kamun kifi kafinsa sun yi ƙaurin suna, wani ya ɓoye kifi a keji tun jiya, wani ya saya. Don haka ya tsaurara doka. An hana ɗana kifi mai rai ko tana ta gaske. An hana jan ƙugiya a bayan kwalekwale inji na tafiya. Sanda ɗaya ake riƙewa a lokaci ɗaya. Kuma a lokacin ana haɗa mutum biyu da ba su san juna ba a kwalekwale ɗaya ta hanyar ƙuri'a, kowa ya zama mai sa ido a kan ɗan'uwansa. Wannan tsari ne ya sa mutane suka yarda da sakamako, kamfanoni suka zuba kuɗi. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan tunani: a Argungu, ranar babban su a Matan Fada, homa da gora kowa ke shiga ruwa da su, domin idan aka bar kowa ya zo da abin da ya ga dama, kayan aiki za a gwada, gwanintar masunci ta ɓace.

A farkon shekarun duk kifin da aka kama kashe shi ake yi. A 1969, a tafkin Eufaula, Rip Nunnery ya kawo bas 15 a yini ɗaya masu nauyin laba 98 da oza 15, kusan kilo 45. Mutanen garuruwan da ake gasa suka fara gunaguni, suna ganin baƙi na kwashe musu kifi. A nan ne masu sandar ƙwaro suka yi wa gasar bas babbar rana. A 1971 aka gayyaci Scott taron ƙungiyar masu fatsar ƙwaro a jihar Kolarado. Ya ga wani ya kama ɗan ƙaramin turawut, ya cire ƙugiyar a hankali ya mayar da shi ruwa, sauran suka yi ta tafi da murna. Scott ya koma gida da tunanin cewa idan za a yi wa ɗan wannan kifi haka, me zai hana a yi wa bas mai laba biyar. A 1972 ya fara gangamin hana kashe abin da aka kama, aka sa ƙarin maki ga wanda ya kawo kifi da rai, masu ƙera kwalekwale suka fara saka akwatin ruwa mai iska a ciki. Sannu a hankali aka rage adadin kifin da ake aunawa har ya dawo biyar a yini. A ganina babu wata doka a tarihin wannan wasa da ta kai wannan amfani, kuma daga hannun masu gashin tsuntsu aka karɓe ta.

Shekaru kaɗan bayan haka aka rufe musu ƙofa, a kan faɗan da ba nasu ba. A Kalifoniya akwai wani gwani, Dee Thomas, wanda ya tashi yana fatsa a cikin dogayen ciyayin ruwa na yankin da kogunan Sacramento da San Joaquin suka haɗu. Dabararsa ita ce sanda mai ƙafa goma sha biyu ko fiye, da guntun zare, ya matsa kusa ya tsoma ƙugiya a ɗan ramin da ke tsakanin ciyayi ba tare da ko fantsama ba, ya ɗago kifi da ƙarfin sanda. Wanda ya karanta Bartram zai gane wannan dabara. Thomas ya yi ta cin gasannin yammacin ƙasar har abokan takara suka yi ƙorafi cewa wannan ba jifa ba ne. Sai ya rage sandarsa zuwa ƙafa bakwai da rabi, ya ƙirƙiro wata hanyar lilo da zare da hannun hagu wadda ke ba shi kusan irin wancan sakamako, kamfanin Fenwick ya ƙera masa sandar. A 1975 ya je tafkin Bull Shoals a Akansas ya ci gasar B.A.S.S. da ita. A 1976 ƙungiyar ta sa doka cewa kada sanda ta wuce ƙafa takwas.

Dee Thomas bai yi asarar komai ba, dabararsa ma ta zama ruwan dare. Wadda dokar ta kwantar ita ce sandar ƙwaro mai ƙafa tara. Ban da tsawo, rubutun dokar ya lissafa nau'o'in sanda da na'urar naɗe zare da aka yarda da su, duka na jifa da nauyi, babu ta ƙwaro a ciki. Ƙananan ƙungiyoyi dubbai a faɗin ƙasar kuwa dokokin B.A.S.S. suke kwafa. Yaron da ya tashi a Alabama ko Teksas yana kallon zakarun bas a talabijin bai taɓa ganin ɗayansu da sandar ƙwaro ba, sai ya ɗauka ta masu kuɗi ce da ke zuwa duwatsu neman turawut.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu fatsar ƙwaro da yawa sun daɗe suna yi wa bas kallon raini, suna yi wa gasar kuɗi kallon abin kunya, ba su tashi sun nemi a buɗe musu ƙofa ba. Kuma akwai dalilai na zahiri. Mutum biyu a kwalekwale ɗaya, ɗaya yana kaɗa ƙafa arba'in na zare da ƙugiya a bayansa, haɗari ne ga ɗayan, yana kuma cinye masa fili. Gasa kuma tsere ce da agogo: mai jifa da nauyi zai yi jifa uku ko huɗu kafin mai ƙwaro ya gama jiran zoben ruwa ya lafa, yana kuma kai ƙugiyarsa ƙasan tafki cikin daƙiƙoƙi. Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a hana mutum shiga da kayan da kowa ya ce sun fi rauni. Dokar kayan aiki ana yin ta ne don kada wani ya fi wani da abin da ya saya. Sandar ƙwaro ba ta ba kowa fifiko, wahala ma take ƙara masa.

Waɗanda suka riƙe al'adar a wajen gasa sun yi aiki mai kyau. Tom Nixon na jihar Luwiziyana ya fitar da littafi a 1968 kan ɗaura ƙwari don bas, bai kuma ji kunyar ɗaura zaren roba da ƙaramin ƙarfe mai juyi a ƙwarinsa ba. Dave Whitlock, ɗan Oklahoma, ya mayar da aske gashin barewa fasaha, ya kuma koyar da yadda ake bin bas daga saman ruwa har ƙasa da zare mai nutsewa. Larry Dahlberg ya yi ƙwaro mai nutso idan an ja shi, ya taso idan an saki. A 1987 Bob Clouser, mai shagon kayan fatsa a bakin kogin Susquehanna a Pensilbaniya, ya ɗaura idanun dalma a ƙugiya da gashin wutsiyar barewa don bas mai ƙaramin baki. Nauyin idanun yana juya ƙugiyar bakinta ya kalli sama, ba ta maƙalewa a duwatsu. Yau da wuya a sami ruwa a duniya, na daɗi ko na gishiri, da ba a jefa wannan ƙwaro a cikinsa ba. Can wajen ƙarshen shekarun 2000 kamfanin Sage ya ƙera sandunan ƙwaro na bas masu ƙafa bakwai da inci 11, inci ɗaya ƙasa da iyakar, don mai son shiga gasar da ta yarda da su ya sami hanya.

Rigimar kayan aiki ba ta taɓa kwantawa ba. A watan Oktoban 2011 Paul Elias ya ci gasar wata ƙungiya mai suna FLW a tafkin Guntersville da wani abu mai wayoyi biyar da suka buɗe kamar ƙarafan lema, kowace da kifin robarta da ƙugiya, ya auna sama da laba 100 cikin kwana huɗu. Cikin 'yan watanni B.A.S.S. ta hana shi a manyan gasanninta, ta ce abin yaudara ɗaya ake so a zare. A 2016 kuma ta sanar da cewa daga 2017 sanda na iya kai ƙafa goma, bayan shekara 40 da dokar ƙafa takwas. Masu jifa da manyan kifayen roba ne suka nemi hakan don su kai nesa, babu wanda ya yi maganar ƙwaro. Yanzu kuwa abin da ya raba kan jama'a shi ne na'urar da ke nuna kifi yana motsi a allo kai tsaye, har a ga yadda yake bin ƙugiya. Matasa sun ƙware da ita suna ta cin gasa, dattawa na cewa an mayar da fatsa kallon allo. Don kakar 2025 B.A.S.S. ta taƙaita wa manyan 'yan gasarta irin wannan na'ura zuwa guda ɗaya a kwalekwale, jimillar girman alluna kuma kada ta wuce inci 55, wata ƙungiyar mai suna NPFL ta hana ta baki ɗaya.

A yammacin ƙasar, inda Dee Thomas ya fito, wasu ƙungiyoyi ba su hana sandar ƙwaro ba. Masu fatsa a tafkunan arewacin Kalifoniya sun gano cewa a tsakiyar hunturu, idan ruwa ya yi sanyi ƙalau, bas yakan tsaya tsakanin sama da ƙasa ba ya son bin abu mai gudu. Sai su rataya ɗan ƙaramin ƙwaron gashi ƙafa da yawa ƙarƙashin abin da ke yawo a sama, su bar ƙaramar igiyar ruwa tana motsa shi a gaban hancin kifin. A watan Janairun 2021, a tafkin Shasta, wani mai yi wa baƙi jagoran fatsa, Ryan Williams, ya shiga gasar ƙungiyar Wild West Bass Trail shi da abokinsa yana riƙe da sandar ƙwaro, suka kara da ɗimbin kwalekwale masu kayan zamani, suka zo na ɗaya.